Yadda za ka zaɓa wa fayilolin rumbun bayanai masauki idan za ka dawo da bakof

Ranar wata Alhamis da hantsi, ana saura kwana huɗu a raba wa yara sakamakon zango na biyu, aka kira ni daga wata makarantar kuɗi da ke wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, wai manhajar jarrabawa ta ƙi buɗewa. Na tarar da matashin da ke kula musu da kwamfuta zaune gaban saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan makarantar, fanka na kaɗawa amma gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Na ce, “Ƙanena, me ka taɓa?” Ya ce, “Wallahi Malam, bakof ɗin bara kawai na buɗe, kuma da wani suna daban na buɗe shi. Wani Alhaji ne ya zo yana gardamar makin ɗansa, Hajiya mai makaranta ta ce in duba masa.”

Bai yi ƙarya ba. Bakof shi ne kwafin rumbun bayanai da ake ɗauka a ajiye don a dawo da shi idan bukata ta taso. Sunan da ya ba sabon rumbun daban ne, Makaranta_Bara. Abin da ba a taɓa gaya masa ba shi ne, canza wa rumbu suna ba ya canza inda fayilolinsa za su sauka. Da ya fara gwadawa SQL Server, wato manhajar da ke kula da rumbun bayanan, ya hana shi, ya ce akwai wani rumbu da ke riƙe da waɗannan fayiloli. Sai ya kashe rumbun makarantar na ɗan lokaci don ya sakar masa hanya, ya ƙara kalmar REPLACE a umarnin kamar yadda ya gani a intanet, ya sake turawa. Wannan karon abu ya wuce lami lafiya, bayanan bara suka hau kan fayilolin bana suka danne su. Bakof na ƙarshe da makarantar ke da shi ya kwana tara. Duk makin da malamai suka shigar cikin kwana taran nan sai da aka sake jido takardun amsa daga sito aka shigar da hannu, har Asabar da Lahadi ba wanda ya huta. Garin neman gira aka rasa ido.

Abin ya daɗe yana damuna, domin layi biyu kacal ne suka raba yaron nan da wannan asara. Su zan koya maka a nan, da duk abin da ya kamata ka duba kafinsu da bayansu. SQL Server na Microsoft zan yi magana a kai, tunda shi na fi cin karo da shi a makarantu da shagunan magani da ofisoshin da nake shiga.

Bakof yana tafe da adireshin tsohon gidansa

Kowane rumbun bayanai a SQL Server yana zaune ne a kan fayil biyu aƙalla. Akwai na bayanai mai ƙarewa da .mdf, akwai na log mai ƙarewa da .ldf, wanda a cikinsa ake fara rubuta kowane canji kafin ya shiga na bayanan. Rumbu babba yakan sami ƙarin fayiloli masu .ndf. Kowanne daga cikinsu yana da suna biyu. Na farko ni ina ce masa sunan yanka, wato wanda rumbun kansa ya san fayil ɗin da shi, kuma ba ya canzawa don an kai shi wata kwamfuta. Na biyu shi ne adireshi, cikakkiyar hanyar da fayil ɗin yake kwance a kan faifai, tun daga harafin faifan har zuwa sunan fayil.

Lokacin da aka ɗauki bakof, fayil ɗin .bak yana haɗiye duka biyun. Idan ka zo dawo da shi ba ka faɗa masa inda zai sauka ba, adireshin da ya sani zai nufa. In an ɗauke shi a kwamfuta mai faifan E, to E zai nema a taka, ko da ba ka da shi. In kuma a kwamfutar da aka ɗauke shi kake son buɗe kwafi na biyu, to ɗakin da rumbu mai aiki yake ciki shi zai je ya ƙwanƙwasa. Duk matsalar daga nan take.

Mataki na farko: tambayi bakof me ke cikinsa

Kafin komai, buɗe tagar rubuta umarni a SSMS, wato manhajar da ake sarrafa SQL Server da ita, ka tura wannan. Ba ya taɓa komai, karantawa kawai yake yi:

    RESTORE HEADERONLY
    FROM DISK = N'D:\Bakof\Makaranta.bak';

Mutane da yawa ba su san cewa fayil ɗin .bak guda yana iya ɗauke da bakof goma ba. Idan ana ɗaukar bakof kullum da suna iri ɗaya, a bisa al'ada SQL Server jera sabo yake yi a bayan tsoho, ba ya goge na da. Kowane layi da ya fito maka a nan bakof ne mai zaman kansa. Dubi lambar Position da kwanan watan da ke ƙarƙashin BackupFinishDate ka zaɓi wanda kake so, ka riƙe lambarsa. Idan ba ka ambaci lamba ba lokacin dawowa, na ɗaya zai ɗauko maka, wato mafi tsufa. Na taɓa ganin mai shagon magani yana rantsuwa an sace masa lissafin wata shida, alhali bakof na ɗaya aka dawo masa da shi maimakon na ƙarshe. BackupType kuma yana nuna iri: 1 cikakke ne, 5 na bambanci (mai ɗauke da abin da ya canza tun cikakke na ƙarshe), 2 na log.

Ka leƙa SoftwareVersionMajor ma. Lamba 16 SQL Server 2022 ce, 15 ita ce 2019, 14 ita ce 2017, 13 kuma 2016. Bakof yana hawa sama amma ba ya sauka ƙasa. Na 2016 zai shiga 2022, amma na 2022 ba zai taɓa shiga 2016 ba, kuskure mai lamba 3169 za ka gani. Gara ka sani tun yanzu da ka sha wahalar shirya folda a banza.

Sai na biyu, wanda shi ne ginshiƙin aikin:

    RESTORE FILELISTONLY
    FROM DISK = N'D:\Bakof\Makaranta.bak'
    WITH FILE = 3;

Zai jero maka fayilolin da ke ciki. LogicalName shi ne sunan yanka, PhysicalName tsohon adireshi, Type yana nuna D ga fayil ɗin bayanai da L ga na log. Kada ka yi hasashen sunan yanka daga sunan rumbu. Sau da yawa mai manhaja ya gina rumbun ne da wani suna a kwamfutarsa, ya raba wa makarantu ashirin, kowacce ta sa nata sunan a waje, na ciki kuwa yana nan yadda yake. Rumbu na iya amsa sunan Makaranta amma fayilolinsa su zama SchoolDB da SchoolDB_log. Kwafe su daidai yadda suka fito, harafi da harafi.

Akwai kuma Size, wanda nake so ka tsaya a kansa. A bayit ake nuna shi, sai ka raba da 1,073,741,824 ka sami giga. Girman fayil ɗin .bak ba ya gaya maka wurin da kake bukata, saboda bakof ba ya ɗaukar shafukan da babu komai a cikinsu, kuma wani lokaci a matse yake. Lokacin dawowa kuwa kowane fayil sai ya koma girman da yake da shi ranar da aka ɗauka. Bakof ɗin da ya shige filashi ba tare da ya kai giga ɗaya ba yana iya neman giga arba'in idan log ɗinsa ya kumbura, kuma babu hanyar da za ka rage shi a tsakiyar dawowa. Sai ya sauka da cikakken girmansa tukuna sannan a yi maganar ragewa. Idan wurin bai isa ba, kuskure mai lamba 3257 zai tare ka. Masu amfani da Express, wato ƙaramin nau'in SQL Server na kyauta, kuma su tuna cewa har zuwa na 2022 iyakar bayanan rumbu guda giga 10 ce.

Mataki na biyu: duba wanda ke zaune a masaukin

Yanzu ka san baƙon, saura ka san gidan. Wannan zai nuna maka kowane fayil da sabar ta sani da mai shi:

    SELECT DB_NAME(database_id), name, physical_name, state_desc
    FROM sys.master_files;

Ka kwatanta adireshin da ka gani a bakof da waɗannan. Duk inda suka yi daidai, to nan ne haɗarin yake. Rumbun da aka kashe na ɗan lokaci yana fitowa a wannan jeri, amma wanda aka cire gaba ɗaya aka bar fayilolinsa a folda ba zai fito ba. Saboda haka ka buɗe foldar da kanka ka gani da idonka.

Daga nan ka zaɓi wuri. Idan ba a canza komai ba lokacin girkawa, SQL Server 2022 yana ajiye fayiloli a C:\Program Files\Microsoft SQL Server\MSSQL16.MSSQLSERVER\MSSQL\DATA, na 2019 kuma a MSSQL15. Ni ba na son barin bayanai a faifan C in dai akwai wani. Ranar da log ya cika shi, Windows ɗin kanta ce za ta shaƙe, kuma ranar da aka kai kwamfutar wurin mai gyara ya ce sai an yi mata sabon girki, C ɗin zai fara sharewa. Na fi son folda biyu masu gajeren suna, kamar D:\Bayanai da D:\Log. In akwai faifai biyu na gaske, ka raba su, bayanai a ɗaya log a ɗaya. In faifai guda ne aka tsaga biyu, rabawar ba ta ƙara sauri, tsari kawai take ba ka, wanda shi ma abin so ne.

Wuraren da ban yarda da su ba ko kaɗan: filashi, faifan waje mai igiyar USB, Desktop, da duk foldar da OneDrive ko Google Drive ke kwashewa zuwa intanet. Faifan waje wani zai zare shi ya sa cajar waya. Filashi da yawa kuma a tsarin FAT32 suke zuwa, wanda ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4. Su wurin ajiye bakof ne, ba wurin zaman rumbu mai aiki ba.

Ka ƙirƙiri foldar da hannunka tukuna. Idan ka nuna masa foldar da babu ita, zai amsa maka da 5133 da 3156, tare da lambar kuskuren Windows 3, ma'ana hanyar ba ta nan.

Sai izini, inda mutane suka fi rikicewa. Kai da ke zaune gaban kwamfuta kana iya buɗe kowace folda, amma ba kai ne za ka rubuta fayil ɗin ba. SQL Server yana aiki ne da nasa asusun. Buɗe SQL Server Configuration Manager ka dubi abin da ke ƙarƙashin Log On As. Galibi za ka ga NT Service\MSSQLSERVER, in kuma Express ne NT Service\MSSQL$SQLEXPRESS. Wannan asusun za ka ba cikakken iko a kan sababbin foldojin ta shafin Security, da ikon karantawa a foldar da bakof yake. Duk inda ka ga lambar kuskuren Windows 5, izini ne babu. Shi ya sa bakof ɗin da aka ajiye a Downloads ko Desktop yake ƙin buɗuwa da kuskure 3201. Haka nan harafin faifan da ka haɗa daga wata kwamfuta, irin su Z, naka ne kai kaɗai, sabis ɗin, wato SQL Server da ke aiki a bayan fage da nasa asusun, ba ya ganinsa. Ka rubuta cikakkiyar hanyar da ke farawa da \\ da sunan kwamfutar, ko mafi sauƙi ka kwafo fayil ɗin zuwa sabar.

Mataki na uku: layukan MOVE

Ga layukan da na ce su suka raba yaron nan da asara. Kowane fayil da FILELISTONLY ya nuna maka sai ya sami nasa layin. Bayan MOVE sunan yanka, bayan TO sabon adireshi cikakke har da sunan fayil:

    RESTORE DATABASE Makaranta_Bara
    FROM DISK = N'D:\Bakof\Makaranta.bak'
    WITH FILE = 3,
    MOVE N'SchoolDB' TO N'D:\Bayanai\Makaranta_Bara.mdf',
    MOVE N'SchoolDB_log' TO N'D:\Log\Makaranta_Bara_log.ldf',
    RECOVERY, STATS = 10;

Lura da cewa na canza folda kuma na canza sunan fayil ya dace da sunan sabon rumbu. Wannan ɗabi'a ce da nake so ka ɗauka. Bayan shekara guda, idan ka buɗe folda ka ga fayil huɗu duk suna kama da juna, ba za ka san na sharewa da na bari ba. STATS = 10 kuma yana sa ya riƙa gaya maka inda aka kai, kashi goma-goma cikin ɗari, don kada ka zaci ya maƙale ka kashe.

Idan fayiloli uku ne ka rubuta MOVE biyu, na ukun ba zai bi 'yan'uwansa ba, tsohon adireshinsa zai koma. Ƙirga layukan da suka fito a jeri, ƙirga MOVE ɗinka, su zo daidai. In ka yi kuskuren rubuta sunan yanka zai ba ka 3234, ya ce wannan fayil ba ya cikin rumbun. Wannan kuskure ne mai sauƙi, komawa jeri kawai za ka yi. In ka ga fayil mai Type S, shi folda yake bukata ba fayil ba, sai ka ba shi sunan foldar da za a ƙirƙira a cikin wadda take akwai.

Kafin ka tura na gaske, akwai gwaji. Ka sa RESTORE VERIFYONLY a madadin layin farko, ka cire RECOVERY, ka bar layukan MOVE yadda suke. Zai duba ko bakof ɗin yana karantuwa har ƙarshe, ya kuma duba ko wuri zai isa a inda ka nuna, ba tare da ya rubuta komai ba. A babban rumbu yana cin lokaci, amma ni ban taɓa nadamar jiransa ba.

Maganar wuta ma tana nan. Kowa a garin nan ya san yadda take ɗaukewa ba sallama. Idan ta ɗauke ana tsakiyar dawowa, rumbun zai tsaya a halin Restoring, ba ya buɗuwa. Bakof ɗinka bai lalace ba, sake tura umarnin za ka yi. Amma idan a kan rumbu mai aiki kake dawowa, to tsohon ya riga ya tafi, sabon bai iso ba, mutane na tsaye suna jira. Ka tabbata batirin inbata yana da caji ko an tada janareta kafin ka fara.

REPLACE, da dalilin da ya sa nake tsoronsa

SQL Server yana da shinge uku da yake kare ka da su. Ba ya yarda ka ɗora bakof na wani rumbu a kan rumbu daban da ke da wannan sunan, sai ya ba ka 3154. Ba ya yarda ka danne rumbun da log ɗinsa ke ɗauke da aikin da ba a ɗauki bakof ɗinsa ba, sai ya ba ka 3159. Ba ya kuma yarda ka rubuta a kan fayil ɗin da ya tarar a wurin wanda ba na wannan rumbun ba. Kalmar REPLACE guda ɗaya tana ture ukun a lokaci ɗaya.

Abin da ya rage maka bayan ta shi ne kariya guda: fayil ɗin da rumbu mai aiki yake riƙe da shi a buɗe ba ya dannuwa, 1834 za ka gani. Wannan ce ta tare matashin nan da farko. Da ya kashe rumbun, riƙon ya saki, REPLACE kuwa ya riga ya kawar da sauran. Babu tambayar “ka tabbata?”, babu kwandon shara da za a je a tono.

Abin da ya sa mutane ke saurin kai hannu gare ta shi ne wasu saƙonnin kuskuren da kansu suna ambaton ta a matsayin mafita, kuma duk wanda ya gwada sau ɗaya ya ga jan rubutu ya ɓace, sai ta zame masa jiki. Ni shawarata, idan kwafi na biyu kake so, ko gwaji, ko duba bayanan bara, REPLACE ba ta da aiki a umarninka sam. Idan ka ga kana bukatarta a irin wannan hali, to akwai adireshi ko sunan da ya yi karo da na wani, shi za ka gyara.

Wurinta ɗaya ne, lokacin da ka yi niyyar maye gurbin rumbu da gangan. Ko a nan, ka fara ɗaukar bakof na wanda za ka danne komai lalacewarsa, in yana ɗaukuwa. Ka rubuta MOVE ga kowane fayil duk da haka, ko da adireshin da yake yanzu za ka maimaita, domin idonka ya ga inda kowanne zai faɗa. In akwai masu aiki a kansa zai ƙi da 3101, sai ka sanar da su su fita daga manhaja, sannan ka mai da shi SINGLE_USER, wato halin da mutum ɗaya kawai ke iya shiga. Hanyar da na fi so ma ita ce in dawo da bakof da sabon suna a gefe, in duba komai, in canza wa tsohon suna, sannan in ba sabon sunan asali. Tana cin wuri ninki biyu na kwana kaɗan, amma tsohon yana nan in an ga wani abu ya ɓace.

Ga mai son latse-latse

Ba kowa ne ke son rubuta umarni ba, kuma tagar Restore Database ta SSMS tana yin aikin. Ka fara zaɓar Device ka nuna fayil ɗin .bak, sannan ka canza suna a Destination, domin zaɓar bakof yana cike wurin da sunan asali. Kada ka latsa OK daga shafin farko. Shiga Files, sa alama a Relocate all files to folder, zaɓi foldar bayanai da ta log, sannan ka ja layin Restore As ka karanta kowane adireshi har ƙarshensa. Wannan akwati folda yake canzawa, sunan fayil kuwa kai ne za ka tabbatar bai yi karo da na wani ba.

Shiga Options kuma. Overwrite the existing database ita ce REPLACE a cikin wata riga. A ƙasa akwai Take tail-log backup before restore, wanda yakan sa wa kansa alama idan rumbun asali yana kan sabar, tare da wani akwati da ke barin rumbun asalin a halin Restoring. Wato ka zo buɗe kwafi a gefe, ka wayi gari ka rufe rumbun da mutane ke aiki a kai. Idan kwafi kake yi ka cire alamar. In ya riga ya faru kada hankalinka ya tashi, RESTORE DATABASE Makaranta WITH RECOVERY yana buɗe shi ba tare da asarar komai ba.

A saman tagar akwai maɓallin Script. Latsa shi maimakon OK, zai rubuta maka umarnin da yake shirin turawa, ka karanta layukan MOVE da kanka. Da wannan maɓallin na koya wa yara da yawa rubuta umarnin.

Akwai masu zuwa Server Properties, su shiga Database Settings su canza foldar da sabar ke amfani da ita, su zaci an gama. Wannan saitin na sababbin rumbuna ne, kuma shi tagar Relocate take fara nuna maka, yana kuma bukatar a sake tada sabis kafin ya kama. Umarnin RESTORE da babu MOVE ba ya kallonsa.

Idan bakof ɗin jeri ne

Inda ake ɗaukar cikakke da na bambanci da na log, MOVE a kan cikakken kawai ake rubuta shi, amma da NORECOVERY a madadin RECOVERY don a bar ƙofa a buɗe. Na bambanci da na log za su bi fayilolin zuwa sabon masaukinsu da kansu. Na ƙarshe a jerin shi ke samun RECOVERY. In ka rufe da wuri, sai dai a koma farko. Togaciya ɗaya: idan an ƙara wa rumbun sabon fayil bayan an ɗauki cikakken, bakof ɗin da ya fara ɗauko wannan fayil shi ma sai an rubuta masa MOVE.

Tun daga 2017 SQL Server yana hawa Linux. A can foldar da aka saba ita ce /var/opt/mssql/data, adireshin ba shi da harafin faifai, kuma duk foldar da ka ƙirƙira sai ka mallaka wa asusun mssql. Layukan MOVE kuwa iri ɗaya ne.

Bayan ya ce an gama

Sake tura tambayar sys.master_files ka ga fayilolin a inda ka ce. Tura DBCC CHECKDB, umarnin da ke duba ko akwai lalacewa a ciki, a kan sabon rumbun. Buɗe tebur ɗaya da ka sani ka dubi kwanan watan shigarwa ta ƙarshe, don ka tabbata bakof ɗin da ka nufa ne. Idan sabar daban ce, manhaja tana iya ƙin shiga duk da rumbun lafiya lau yake, saboda asusun shiga yana zaune a sabar ne, ba ya tafiya cikin bakof. Ka ƙirƙire shi a sabuwar sabar, ka ɗaura shi da na cikin rumbu ta ALTER USER da WITH LOGIN.

In ka riga ka sauke fayiloli a inda ba ka so, ba sai ka maimaita komai ba. Ka gaya wa sabar sabon adireshi, ka kashe rumbun, ka kwafe fayil ɗin da hannu, ka kunna:

    ALTER DATABASE Makaranta_Bara
    MODIFY FILE (NAME = N'SchoolDB', FILENAME = N'E:\Bayanai\Makaranta_Bara.mdf');
    ALTER DATABASE Makaranta_Bara SET OFFLINE;
    ALTER DATABASE Makaranta_Bara SET ONLINE;

Kwafewar tana tsakanin layin OFFLINE da na ONLINE, don haka ɗaya bayan ɗaya za ka tura su. Kwafa nake cewa, ba yankewa ba. Sai rumbun ya tashi a sabon wuri sannan ka share na tsoho.

Sabar tana kuma riƙe da tarihin duk dawowar da aka yi a cikin wani rumbu nata mai suna msdb. Teburin restorehistory yana nuna rana da lokaci da wanda ya yi da ko an sa REPLACE, restorefile kuma yana nuna adireshin da kowane fayil ya sauka. Da su na gane abin da ya faru a makarantar nan cikin minti kaɗan, na kuma iya nuna wa Hajiya mai makarantar cewa babu wanda ya goge maki da gangan, domin har an fara zargin wani malami. Ta so ta sallami yaron a ranar. Na ce mata, “Hajiya, ki yi haƙuri ki bar shi, ba a koya masa ba ne.” Muka zauna da shi bayan la'asar ya dawo da bakof ɗin nan sau biyar a tsohuwar kwamfutar da ke ɗakin malamai, kowane karo da sabon suna da sabuwar folda, har ya daina duba takarda. Yanzu kowace Juma'a kafin a tashi yakan dawo da bakof na daren Alhamis a D:\Gwaji, ya buɗe makin aji ɗaya ya kwatanta da na manhaja, ya turo mini hoton layukan MOVE ɗinsa ta WhatsApp, sannan ya share.